ME YA SA TSOHUWAR A-KORI-KURA TAKE CIN TAYAR GABA?

Duk ƙauyen da yake cin kasuwa ya san a-kori-kura. Ita take kwaso buhunan gero da dawa daga gona. Ita take kai awaki da kwandunan tumatir kasuwa. In haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, ƙofar mai a-kori-kura ake bugawa. Saboda haka lafiyar wannan mota ta shafi kowa da kowa a gari.

Yawancin waɗannan motoci sun tsufa. Akwai Peugeot 404 da 504, waɗanda ake ce wa Fijo. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Akwai kuma Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, da sauran ire-irenta. Wata motar ma ta girmi direban da yake tuƙa ta.

Babban kukan masu irin waɗannan motoci shi ne cin taya. Mutum zai sayi tayoyin gaba sababbi fil. Kafin wata huɗu gefe ɗaya ya suɗe har waya ta fito. Ɗaya gefen kuwa zanensa yana nan kamar bai taɓa taka ƙasa ba. Sai ya ce an cuce shi, an sayar masa da jabu. Wani lokaci haka ne. Amma galibi taya ba ta da laifi. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ya sami ƙafar motar, shi ne yake cin tayar. In ba a gano shi ba, ko sau goma aka sake taya, haka za ta cinye.

Ga shi kuma taya ta yi tsada. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007. Na Dunlop ya daina yin taya a Legas a 2008. Tun daga nan yawancin tayoyin mota daga ƙasashen waje ake kawo su. In tayar da ya kamata ta shekara ta cinye a wata huɗu, mai mota ya yi saye uku ke nan maimakon ɗaya. Wannan asara a kan kuɗin mota take ƙarewa, wato a kan manomi da ɗan kasuwa.

TAYA KAMAR TAKALMI CE

Mai gyaran takalmi in ya juya ƙasan takalmi, ya san yadda mai shi yake tafiya. Wani dunduniyarsa ta waje take cinyewa, wani ta ciki. To, haka taya take. Inda ta cinye shi yake nuna abin da ke damun motar.

Kowace taya wurin da take taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba sosai. In komai lafiya, wannan wuri yakan kwanta sosai a kan hanya. Zanen taya ya riƙa raguwa bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. In kuwa wani abu ya karkace, sai nauyin ya koma wuri guda, nan ɗin ya riga sauran cinyewa.

Ƙafar gaba ta fi ta baya saurin nuna ciwo. Ita take ɗauke da inji. Ita take yin kwana. Ita take fara faɗawa rami, kuma ita take shan yawancin ƙarfin birki. Daɗin daɗawa tana da gaɓoɓi da yawa masu motsi, ta baya kuwa ƙarfe guda ne miƙaƙƙe ya riƙe tayoyin biyu.

Mai son duba tayarsa sai ya tsayar da mota, ya murɗa sitiyari har ƙarshe, don fuskar tayar ta fito fili. Ya duba gefen waje, da tsakiya, da gefen ciki. Gefen ciki shi aka fi mantawa, don ba ya ganuwa daga tsaye. Sa'an nan ya shafa da tafin hannu a hankali, yana kula kada waya ta soke shi.

NA FARKO: ISKA

Iska ita ce abin da za a fara dubawa, don ita ta fi sauƙi, ita kuma ta fi yawan ɓarna.

In iska ta yi kaɗan, taya takan baje. Tsakiyarta ta ɗan loɓa ciki, gefunan biyu su ɗauki nauyi. Sai a ga gefen ciki da na waje duk sun cinye, tsakiya tana nan da zane. Irin wannan taya tana lanƙwashewa da yawa in tana gudu, sai ta yi zafi ƙwarai. Zafin nan shi yake raba roba da wayar ciki. Shi yake kawo fashewar taya ana cikin tafiya. Ƙarancin iska kuma yana ƙara shan mai.

In iska ta yi yawa, taya takan kumbura kamar tulu. Tsakiya kaɗai ke taka ƙasa. Sai tsakiya ta suɗe, gefuna suna nan. Motar ta riƙa tsalle a kan gargada, birki kuma ba ya kamawa yadda ya kamata.

Direbobi da yawa da ido suke auna iska, ko su doki taya da ƙafa, ko su ƙwanƙwasa ta da sifana. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan dai bai sani ba. Tayoyin zamani masu waya a ciki ko iskarsu ta ragu sosai ba su cika nunawa ba. Sai da geji, wato ma'aunin iska. Ƙaramin geji ba shi da tsada. Ya kamata kowace mota ta sami nata, don na wasu masu faci ya daɗe da lalacewa.

Nawa za a sa? Masu ƙera mota sukan rubuta adadin a wata 'yar takarda ko ƙarfe a jikin ƙofar direba, ko a littafin motar. Lambar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. A motar kaya, in an yi lodi, iskar baya ta fi ta gaba yawa. Mai facin da ya ɗura wa ƙafa huɗu iska ɗaya mai yawa ya sa tayar gaba cinyewa ta tsakiya.

A auna iska da safe, kafin mota ta yi tafiya. In taya ta yi zafi, awonta yakan hau. Kada a sace iskar a lokacin, don in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so. Ko taya ba ta da huji, iska tana raguwa a hankali. Saboda haka a auna kowane mako, musamman jajiberin kasuwa. A haɗa da safaya. In ƙafa ɗaya ce kullum take sacewa, a duba bawul, a duba bakin wili ko ya lotse.

NA BIYU: ƘAFAFU BA SU KALLON GABA SOSAI

Ya kamata tayoyin gaba biyu su fuskanci inda mota ta nufa. Wasu sanduna ne suke haɗa su da sitiyari. Kanikawa suna ce musu tayarod. In mota ta faɗa rami da ƙarfi, ko ta daki kan kwalbati ko kututture, sandar takan lanƙwashe ko saitinta ya goce. Daga nan sai tayoyin su riƙa kallon juna, ko su ba juna baya.

In goshin tayoyin ya matso ciki da yawa, gefen waje ne yake cinyewa a duka biyun. In goshinsu ya buɗe waje, gefen ciki ne yake cinyewa. Akwai kuma wata alama da hannu yake ji. In an shafa zanen taya daga waje zuwa ciki, aka dawo daga ciki zuwa waje, za a ji ɗaya wajen sumul, ɗaya wajen yana kama hannu kamar haƙoran zarto.

Wannan ciwo shi ya fi kowane saurin cin taya. Ga dalili. Tayar a-kori-kura tsayinta kamar santimita 65 ne. A ce ta kauce da milimita 3 kacal, wato kaɗan ya fi kaurin tsinken ashana. A kowace kilomita ɗaya ana jan ta a kaikaice fiye da mita 4. A tafiyar kilomita 100 ya zama fiye da mita 400. Kamar a ɗauki roba ne a yi ta gurzawa a kan magagari. Shi ya sa sabuwar taya take iya ƙarewa cikin 'yan makonni.

Ana iya gwada wannan a gida da alli da tef ɗin awo irin na tela ko na magina. A tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, sitiyari a miƙe, iska daidai. A yi ɗigo da alli a tsakiyar zanen kowace tayar gaba, ta wajen baya. A auna tsakanin ɗigon biyu, a rubuta. A tura mota gaba har ɗigon ya juyo ta gaba, ya tsaya a tsayi ɗaya da na farko. A sake aunawa. A irin waɗannan motoci da ƙafar baya take turawa, awon biyu kusan ɗaya ne, sai dai na gaba ya gaza na baya da kaurin ashana ɗaya ko biyu. In bambancin ya kai faɗin yatsa, ko na gaba ya fi na baya, akwai gyara.

Gyaran shi ne saitin ƙafa, wanda ake ce wa alaimen. Bakanike yakan kwance noti, ya ƙara tsawon sandar ko ya rage. A manyan garuruwa akwai masu na'urar yin wannan aiki, kuma awonsu ya fi na tef daidai.

NA UKU: ƘAFA TA JINGINE

A tsaya nesa kaɗan a gaban mota a dubi tayoyin. Ya kamata su tsaya kusan a miƙe. In saman taya ya jingina ciki, kamar mai gwame, gefen ciki ne zai cinye. In saman ya buɗe waje, gefen waje ne zai cinye. Bambancin wannan da na biyu shi ne, a nan wurin da ya cinye sumul yake, ba ya kama hannu. Sau da yawa kuma ƙafa ɗaya ce take yin haka, motar ta riƙa ja gefe in an saki sitiyari.

Tsufa ne babban dalili. Abin da yake ɗauke da nauyin mota shi ne sifirin. A gaban Fijo 404 da 504 sifirin mai naɗi ne. A tsofaffin Hilux da yawa wata doguwar sandar ƙarfe ce mai murɗuwa take yin wannan aiki. Bayan shekaru ana lodi ana bin gargada, sifirin yakan gaji. Gaban mota ya zauna, ƙafafun su buɗe ta ƙasa, tayoyin su koma tafiya a kan gefen ciki. Ana ganewa da tef. A auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya. In hagu da dama sun bambanta sosai, ɗaya sifirin ya gaji ko ya karye. In za a sake, a sake duka biyun tare.

A irin su Hilux akwai notin da ake ɗaurewa a ɗaga gaban motar, akwai kuma 'yan siraran ƙarafa da ake cusawa a gyara jinginar ƙafa. A Fijo kuwa, in ƙafa ta jingine, galibi wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, sai an sake shi. Motar da ta taɓa yin haɗari, ko aka yi wa casis ɗinta walda, ita ma takan ci taya gefe ɗaya. Mai sayen tsohuwar mota ya lura da wannan. In ya ga an sa mata sababbin tayoyin gaba, ya nemi ganin tsofaffin.

Sai kuma lodi. Kowa ya san yadda ake lafta wa a-kori-kura kaya ran kasuwa. Buhuna har saman bodi, an sauke murfin baya an ɗora wasu, ga mutane a kai. In nauyi ya taru a can ƙarshen baya, gindin mota yakan zauna, hancinta ya ɗaga. Ƙafafun gaba su rasa nauyin da aka saita su da shi. Tsayuwarsu ta sāke, su riƙa gurzar ƙasa. Sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu. Saboda haka a jera kaya masu nauyi can gaba, kusa da bayan direba, marasa nauyi a baya. A raba nauyi daidai hagu da dama. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da ya ƙare a daji.

NA HUƊU: GAƁOƁI SUN SAKI

Wannan shi ne asalin ciwon tsohuwar mota. Ƙafar gaba tana da gaɓoɓi kamar na dabba. Wanda ya taɓa fiɗar rago ya ga yadda kan ƙashin cinya yake mulmulalle, yana zaune cikin kwarminsa. Haka boljoyin yake, haka kuma kawunan tayarod suke. A ciki akwai giris, a waje akwai 'yar roba da ta rufe. In robar ta yage, ƙurar rani da ruwan damina su shiga. Giris ya gauraya da yashi, ya riƙa cin ƙarfen. A hankali gaɓar ta yi lakwam, ta fara rawa.

Akwai kuma bushin, wato robobin da suke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Zafi da baƙin mai da yake ɗiga daga inji suna ruɓar da su. Akwai boris da wili yake juyawa a kansa. In ya saki ko ya bushe, za a ji gurnani da yake ƙaruwa in an ƙara gudu.

Ƙafar da gaɓoɓinta suka saki ba ta tsayawa inda aka saita ta. In an taka birki ta buɗe, in an ba da wuta ta dawo. Cin tayarta ba shi da tsari, amma galibi gefen ciki ya fi shan wuya. Direba zai ji ƙwas-ƙwas a kan gargada. Zai ga yana murɗa sitiyari da ɗan dama kafin mota ta amsa.

Ga gwajin. A tsaya a wuri mai tauri. A ja birkin hannu, a sa dutse gaba da bayan tayar baya. A ɗaga ƙafar gaba da jak, a tokare motar da gungume mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, boris ne ko boljoyin. Sai yaron mota ya taka birki a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, boljoyin ne. Sa'an nan a kama tayar hagu da dama a girgiza. In ta yi motsi, a duba kawunan tayarod da sauran kayan sitiyari. A wasu motocin boljoyin ba ya nuna rawarsa sai an sa jak a wani wuri na musamman, saboda haka bakanike ya sake dubawa.

Kada a raina wannan. In boljoyin ya fita ana cikin gudu, ƙafar takan kwanta gaba ɗaya. In kan tayarod ya fita, sitiyari ya rabu da taya ke nan. Wasu sukan ɗaure da kyauron roba ko waya, ko su bubbuga da guduma don ya matse. Wannan wasa ne da rayukan mutane. Abin da ya cinye, sai a sake shi.

NA BIYAR: SHOKA DA BALANSI DA BIRKI

Wata tayar ba gefe ɗaya take cinyewa ba. Sai a ga loɓa-loɓa kewaye da ita, kamar an bi ta ana ƙwaƙula da cokali. In tana gudu a kan kwalta tana ƙugi. Wannan alama ce taya tana tsalle maimakon ta kwanta a kan hanya.

Aikin shoka shi ne ya hana wannan tsalle. A danna gaban mota da ƙarfi a saki. In ta taso ta tsaya, da sauran ƙarfinsa. In ta yi ta lilo sau biyu ko uku, ya mutu. In an ga mai yana tsiyaya a jikinsa, shi ma alama ce. Shoka ma biyu ake sakewa tare.

Rashin balansi shi ma yana kawo wannan. Wato wani ɓangaren wili ya fi wani nauyi. Alamarsa ita ce sitiyari ya riƙa karkarwa in an kai wani gudu, ya daina in an rage. Masu balansi sukan maƙala 'yan ƙananan ƙarafa a bakin wili don nauyin ya daidaita. Da damina laka takan daskare a cikin wili ta kawo irin wannan karkarwa, saboda haka a fara kankare ta. Wilin da ya lotse, da babban faci da aka cusa cikin taya, su ma suna kawo ta.

In kuwa wuri ɗaya ne tak ya suɗe kamar an yanke da wuƙa, birki ne. An taka da ƙarfi, taya ta tsaya cik, ta ja a ƙasa. Akwai kuma birkin da yake riƙewa bayan an ɗaga ƙafa. Bayan tafiya a kai hannu kusa da kowane wili, kada a taɓa. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, birkinsa yana riƙewa ko boris ɗinsa ya bushe.

NA SHIDA: HANYA DA HANNUN DIREBA

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Ana gina hanya da ɗan doro a tsakiya don ruwa ya gangara. Saboda haka mota takan ɗan karkata dama. Tayar dama ce kuma take bin bakin kwalta inda ya zaizaye, ita take sauka in an yi kiciɓis da babbar mota. Shi ya sa tayar gaba ta dama takan riga ta hagu cinyewa, musamman gefen waje.

Hannun direba ma yana da nasa. Shan kwana a guje yana cin gefen waje. Murɗa sitiyari mota tana tsaye cik yana gurje taya, yana wahalar da gaɓoɓi. Faɗawa rami da gudu yana iya ɓata saitin da aka biya kuɗi aka yi jiya.

TAYAR GWANJO

Saboda tsada, da yawa sukan sayi tayar gwanjo, wadda ake ce wa Beljiyam. Wata ta riga ta fara cinyewa gefe ɗaya a motar da aka ciro ta. Haka za ta ci gaba ko da ƙafar motar lafiya lau take.

Mai karatu zai iya sanin shekarun taya da kansa. A jikinta akwai rubutu da ya fara da DOT. A ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, kada a kusance ta. Masu yin taya suna ba da shawara a daina amfani da wadda ta kai shekara 10 ko da zanenta yana nan. Ga zafin rana da lodi, roba takan tsufa tun kafin haka. In an ga tsattsagewa a gefe, ko ƙulu ya fito, a ajiye ta.

A cikin kwarin zanen taya akwai 'yan tudu ƙanana, tsayinsu milimita 1.6. In zane ya cinye ya zo daidai da su, ko a gefe ɗaya ne, tayar ta gama aiki. A motar kaya a nemi taya mai harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 195R14C, ko mai LT. Tayar ƙaramar mota ba ta jure lodi. Tayoyin gaba biyu su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sukan duba lafiyar taya da shekarunta a kan hanya.

YADDA ZA A BI GYARAN

Kuɗi da yawa suna salwanta saboda ana fara gyara daga ƙarshe. Ga yadda ya kamata a bi:

1. A duba tsohuwar taya tun tana jikin mota, a gane inda ta cinye. A nuna wa bakanike.
2. A daidaita iska da geji.
3. A sake duk gaɓar da ta saki, da bushin, da boris, da shoka, da sifirin da ya gaji.
4. Bayan haka a yi alaimen. Yin alaimen a kan gaɓoɓin da suke rawa zubar da kuɗi ne, don kafin a fita gari ya goce.
5. Sa'an nan a sa sabuwar taya, a yi mata balansi.
6. A riƙa sauya wa tayoyi wuri bayan kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, in girmansu ɗaya ne. In akwai kibiya a jikin taya, a bar ta tana juyawa inda kibiyar ta nuna.

Kada a mayar da suɗaɗɗiyar taya baya a ce ai can ba komai. Baya ce take ɗauke da kaya. In ta fashe ko ta zame a kan santsi, mota takan juya.

Fasinja ma yana da ido. Kafin a hau, a dubi tayoyin gaba. In an ga waya ta fito, ko ƙulu, ko ƙafa ta jingine, a gaya wa direba cikin ladabi, a gaya wa shugabannin tasha. Direban da ya san sana'arsa ba zai ji haushi ba, don shi ne a gaba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.

TAMBAYOYI DOMIN 'YAN AJI

1. In gefuna biyu na taya sun cinye, tsakiya tana nan, mene ne dalili?
2. Wane lokaci ya fi dacewa a auna iskar taya?
3. An rubuta 0821 a ƙarshen lambar DOT. A wane mako da wace shekara aka yi tayar?
4. Me ya sa ba a yin alaimen kafin a sake gaɓoɓin da suka saki?